Ku Tambayi Tsohon Hedimasta: Da Wane Harshe Yaro Zai Fara Karatu?

Assalamu alaikum. Kusan rabin wasiƙun da suka iso mini a wannan wata magana ɗaya suke yi, wato soke koyarwa da harshen uwa da Gwamnatin Tarayya ta yi. Na zaɓi guda wadda ta tattara abin da sauran suka tambaya, kuma zan daɗe a kanta. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, amsarsu tana cikin wannan.

Tambaya: Baba Hedimasta, barka da ƙoƙari. Ɗana yana aji biyu a wata makarantar kuɗi a nan Gombe. Yana rera waƙoƙin Turanci, yana gaida baƙi da Turanci, mahaifinsa yana jin daɗi ƙwarai. Amma kwanan baya na rubuta masa sunan ƙanwarsa a takarda ya kasa karantawa. Na fara koya masa ba, bi, bu da daddare, sai mahaifinsa ya ce in daina, ai gwamnati ma ta hana koyarwa da Hausa saboda tana ɓata wa yara Turanci. Gaskiya ne? In daina?
*Wata uwa daga Tudun Wada, Gombe*

Amsa: 'Yata, kada ki daina. Amma ki bi maigidanki a hankali, domin labarin da ya ji gaskiya ne, kuma tsoron da yake yi tsoro ne na uban da ke son ɗansa ya kai inda shi bai kai ba.

Ga yadda abin ya faro. Tun 1977 da aka fitar da kundin manufofin ilimi na ƙasa, a rubuce yake cewa yaro zai fara firamare da harshen uwarsa ko harshen da aka fi yi a garinsu, daga baya Turanci ya karɓa. Bugun da suka biyo baya suka fayyace cewa shekara uku na farko ake nufi. A ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu mutumin Azare yana ministan ilimi, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a tsawaita abin ya kai shekara shida na firamare gaba ɗaya. Shi da bakinsa ya ce aiwatarwa za ta yi wuya sai an tanadi littattafai da malamai. Ba a kai ga tanadar su ba, sai a Nuwamban 2025 minista Dakta Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa an soke tsarin, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjar da ya kawo ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi riƙo da harshen gida.

Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba, kuma lissafin mai sauƙi ne. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan an amince da tsarin 2022, ranar da aka soke shi yana aji uku. Saura masa shekara tara kafin ya ga takardar WAEC da idonsa. Waɗanda suka faɗi jarrabawar kuwa, na san irin ajin da suka zauna, domin shekara 35 na yi a cikinsa, daga 1979 zuwa 2014. Littafin da ke hannun malam na Turanci ne, rubutun allo Turanci ne, jarrabawar ƙarshen zango Turanci ce. Hausa ba ta shigowa sai malam ya ga yara sun yi zuru, sannan ya fassara musu da baki. Yaro ya kwafe abin da ke allo harafi bayan harafi kamar mai zanen hula, ya gama aji shida bai iya karanta Hausa ba, bai iya karanta Turanci ba. Ba a taɓa zaunar da shi an koya masa karatu da Hausa ba, balle a ce ita ta kayar da shi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, karatu sau ɗaya ake koyon sa a rayuwa. Ranar da yaro ya gane cewa wannan alamar da ke takarda sauti take ɗauke da shi, kuma sauti da sauti in sun haɗu kalma suke bayarwa, ya haye. Abin da ya rage sai sabon harshe, ba sabon karatu ba. Malaman allo sun riga mu gane hanyar: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a haɗa. Ba wanda ke miƙa wa ƙolo izu ran farko. To rubutun boko na Hausa yana da wani sauƙi da Turanci ba shi da shi, abin da aka rubuta shi ake furtawa. Wasula biyar ne, a haɗa su da baƙi, gaɓa ta fito. Gaskiya ne ba ma nuna tsawon wasali da karin murya a rubutu, shi ya sa garin tuwo da garin Gombe suke kama ɗaya a takarda, amma yaron da ya tashi da harshen a bakinsa ba ya ruɗewa. Turanci kuwa harafi ɗaya yana iya ba da sauti uku ko huɗu, wani harafin ma a rubuta shi a ƙi furta shi. Idan aka ce ɗan shekara shida ya koyi haɗa baƙi a cikin harshen da bai san ma'anar kalmominsa ba, an ba shi taura biyu ya tauna lokaci ɗaya. Abin da yakan yi shi ne ya koma hadda. Shi ne abin da kika gani a wajen ɗanki.

An gwada wannan a ƙasar nan tun kafin a haife ki. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: wasu yara aka koya musu dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda wanda ƙwararren malami ke koyarwa. Sakamakon da aka samu, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun fi su a yawancin sauran darussa. Ki lura da wannan ƙwararren malamin Turanci, domin masu kawo misalin Ife sukan manta da shi, alhali rabin nasarar a hannunsa take.

Kusa da mu ma, daga 2015 an yi wani shiri a jihohin Bauchi da Sakkwato da kuɗin Amurka, wanda ya kawo littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku. Na gan su a hannun jikokin ƙanena a Misau. Kowane yaro da nasa, malam kuma da jagoransa darasi bayan darasi, ana farawa da sautin harafi a gangaro zuwa gajeren labari. Wata jikar tasa 'yar aji biyu ta karanta mini shafi guda a zaure tana bin layi da yatsa, na tambaye ta abin da ya sami akuyar da ke cikin labarin ta faɗa mini tana dariya. Dariyar nan ita ce shaidar ta fahimta. Abin da ke damuna da irin wannan aiki shi ne kuɗin baƙo ne. Hukumar Amurkan da ta ɗauki nauyinsa an rufe ta a 2025. Littafin ɗan aji ɗaya kuwa da wuya ya shekara biyu bai yage ba, kuma sake buga shi nauyi ne da ke kan hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu, wato SUBEB.

Ba zan ɓoye miki inda masu ɗaya ra'ayin suke da gaskiya ba. Aikina na farko a ƙasar Tangale na yi shi. Yaran da na tarar a aji ɗaya, da yawansu Hausar kasuwa kawai suke ji, ni kuma ban iya ko gaisuwa da harshensu ba. Jihar nan ta Gombe akwai Tangale da Waja da Tula da Dadiya da Tera da Bolewa, ga Fulatanci da ya cika ƙauyukan Dukku da Nafada. Idan uba a Billiri ko Kaltungo ya ce shi ba ya son a kira Hausa harshen uwar ɗansa, gaskiya ya faɗa. Harsuna da yawa ba su da littafin aji ɗaya ko guda. Har Hausar ma, malamai nawa ne aka horar su koyar da karatu da ita? Na sha gyara wa malami mai takardar NCE ta kwalejin ilimi rubutun ƙ da ɗ da ɓ a allo. Kuma ba mai musun cewa yaron da bai iya Turanci ba an rufe masa ƙofar jami'a da ta aikin gwamnati. Duk waɗannan dalilai ne na a buga littattafai, a horar da malamai, a ƙarfafa darasin Turanci na baka tun aji ɗaya. Sokewar ba ta ƙara wa malamin ƙauye kalmar Turanci ko ɗaya ba. Gobe da safe zai shiga aji ya ci gaba da fassara da baki kamar jiya, sai dai yanzu ba wanda zai yi tunanin buga masa littafin Hausa.

Mu dawo gidanki. Hukuncin gwamnati makaranta ya shafa, bai shiga ɗakinki ba. Minti 15 bayan magariba sun isa. Ki fara da wasulan nan biyar, ki ƙara baƙi biyu ko uku a mako, ki gina masa kalmomin da ya sani: kaza, rago, tuwo, baba, sunan ƙanwarsa da ya gagare shi. In ya haɗa kalma, ki tambaye shi mene ne wannan, ya nuna miki. Ga maigida kuma, kada ki yi gardama da shi. Ki roƙe shi ya ba ki zango ɗaya, bayan nan ya ɗauko littafin Turancin yaron ya buɗe shafin da ba a taɓa karanta musu a aji ba, ya ga ko zai yi yunƙurin haɗa haruffan. Sannan ku je makarantar tare, ku nemi malamar ajin ta sa shi ya karanta sabon shafi a gabanku. Kuɗi kuke biya, haƙƙinku ne ku tambaya. Idan kuma zango ya cika kina ƙoƙari ba ki ga motsi ba ko kaɗan, ki kai shi a duba masa ido da kunne. Na taɓa samun yarinyar da aka shekara biyu ana ce mata daƙiƙiya, ashe allon ne ba ta gani daga bencin baya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, wata biyu ke nan da aka naɗa ni hedimasta a wani ƙauye. Ɗalibai 640 ne a rajista, malamai tara har da ni. Uku sun girme ni, ɗaya ma shi ya koyar da ni a aji biyar. Ana zuwa a makare, ranar kasuwa ajujuwa su kwashe, ga rufin aji biyu iska ta yaye tun damina. Ta ina zan fara?
*Wani sabon hedimasta daga ƙaramar hukumar Akko*

Amsa: Malam, Allah ya taya ka riƙo. Ka fara da ƙidaya. In an raba 640 ga mutum tara, kowa ya tashi da yara 71, alhali kundin manufofin ilimi 35 ya ce. Amma kada ka yarda da rajista tukuna. Ka yi mako biyu kana zagayawa da kanka kana ƙirga kawuna, safe da kuma bayan hutun tara. Abin da ka samu shi ne makarantarka ta gaskiya.

Bayan nan ka ji karatun yaranka da kunnenka. Ka shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ka kira yara goma daga kowane aji, kai za ka zaɓe su daga rajista, kada ka bar malami ya turo maka gwanayensa. Ka ba kowanne gajeren labari na layi huɗu ko biyar da ka rubuta da hannunka. Wanda ya kasa, ka ba shi kalmomi, wanda ya kasa kalmomi ka ba shi haruffa. Ranar da na fara yin haka, a makarantar da aka fara ba ni a 1991, aji biyar gaba ɗaya na gwada. Yara 58 ne, 11 suka karanta. Na koma ofis na rufe ƙofa na daɗe ban yi magana da kowa ba, domin a takardun sakamako na zangon da ya wuce kusan dukkansu an rubuta sun ci.

Abin da na yi bayan nan shi zan ba ka shawarar ka yi. Al'adarmu a makarantu ita ce a kai malamin da ya fi ƙwazo aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare, aji ɗaya kuma a bar wa sabon zuwa, ko mara lafiya, ko wanda aka rasa inda za a sa shi. Na juya abin. Malamar da ta fi kowa iya koyarwa na sauko da ita aji ɗaya. Kuka ta yi a ofishina, tana ganin na rage mata daraja. Na yi mata bayani, na kuma yi mata alkawarin alli da kwali ba za su yanke mata ba ko da daga aljihuna ne. Shekara uku ta bi yaran nan har aji uku, kuma su ne rukunin farko da na yaye ina da tabbacin kowannensu zai iya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa.

Manyan da suka riga suka wuce ba su iya ba kuwa, kada ka zuba musu ido. Ka ware awa ɗaya kowace safiya ka raba 'yan aji uku zuwa shida bisa inda kowa ya tsaya: masu haruffa wuri guda, masu kalmomi wuri guda, masu labari wuri guda, ba ruwanka da ajinsu. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yi suna da wannan hanya, an kuma gwada ta a Borno da wasu jihohin Arewa. Ba ta buƙatar gini ko kwamfuta. Abin da take buƙata shi ne ka sake gwada yaran bayan mako shida, wanda ya ci gaba a matsar da shi. Sufeto zai iya tambayarka me ya sa aka taɓa jadawalin darasi, saboda haka ka sanar da sakataren ilimi a rubuce tun kafin ka fara, ka haɗa masa da sakamakon gwajinka.

Maganar dattawan malamai, musamman wanda ya koyar da kai. Ka je gidansa da yamma ka gaishe shi kamar yadda ɗa ke gaida uba, ka nuna masa sakamakon nan, ka ce Malam yaya za mu yi. Ka ba shi jagorancin awar safen. Dattijon da aka nemi shawararsa a zaure da wuya ya ba ka kunya a fili. Kai kuma ka riga kowa zuwa, ka ɗauki aji guda kana koyarwa, kada ka zama hedimastan ofis. Littafin sa hannu, ka ja jan layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe da ƙarfe takwas, kullum, ba sani ba sabo. Wanda ya yawaita faɗawa ƙasan layi ka kira shi ku biyu, ba a gaban yara ba, ka fara da tambayar dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, malamin da ke kwana a cikin Gombe yana zuwa ƙauye kullum, kuɗin mota kaɗai na cin babban rabo na albashinsa. Wani musanyar wurin aiki yake buƙata, wani ɗaki a ƙauyen. Wanda ka yi wa magana sau biyu, ka nema masa mafita, ya ƙi, wannan ka rubuta shi.

Rufi kuma. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, don haka kada ka ƙaƙaba wa yara kuɗin kwano, kada kuma ka kori yaro saboda kuɗi. Hukumar UBEC, mai kula da ilimin bai-ɗaya a matakin tarayya, tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta kafin ta karɓa, sannan SUBEB ta tsara inda za a yi aiki. Makarantar da ba ta rubuta ba ba ta shiga wannan tsari. Ka rubuta ta hannun sakataren ilimi, da hotuna, da sa hannun dagaci da shugaban SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, ka riƙe kwafi, ka maimaita kowane zango. Kafin nan ka farfaɗo da kwamitin da kansa. Ka tabbata akwai liman da mai unguwa da mata da tsofaffin ɗalibai da kafinta ko magini a ciki. In mutanen gari suka ga dama suka tara gudummawa, ka manna lissafin kowane kwabo a bangon ofis inda mai wucewa zai gani. A wajen wannan taro ne za ka kawo maganar ranar kasuwa da lokacin cirar gyaɗa da roron wake. Ba za ka hana ba. Abin da na samu a nawa zamanin shi ne yarjejeniya: yara su zo da sassafe a yi karatu da lissafi, ƙarfe goma a sallami masu tafiya.

Tambaya: Baba, shekarata 18 ina koyarwa a firamare. Duk lokacin da aka tada maganar gyaran ilimi sai a ce a yi wa malamai jarrabawa a kori waɗanda suka faɗi, irin yadda aka yi a Kaduna. Wannan adalci ne?
*Wata malama daga Azare*

Amsa: Malama, amsata ba za ta yi wa wasu abokan aikinmu daɗi ba. Ina goyon bayan a gwada malamai. An taɓa turo mini malamin da ya kasa karanta littafin aji huɗu a bayyane, kuma yara 60 aka ce in damƙa masa. Iyayen yaran nan talakawa ne, ba su da wata makarantar da za su kai su. In muka kare irin wannan malami da sunan haɗin kai, 'ya'yansu muka zalunta.

Amma yadda ake yi shi ne magana. A Kaduna a 2017, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, an gwada malamai kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin 100, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki. Takarda tana iya nuna wanda bai san abin da zai koyar ba, wannan kam tana yi. Ba ta nuna wanda ya iya riƙe yara 70 su saurare shi. Sai an shiga aji an zauna a bencin baya ake ganin wannan. Kuma tsakanin wanda bai iya komai ba da gwani akwai jama'a masu yawa waɗanda horo na gaske zai gyara, horon da ake bin malami har ajinsa, ba taron kwana uku a otal ba. Wanda aka horar aka sake gwadawa ya sake faɗuwa, a fitar da shi daga aji a biya shi haƙƙinsa cikin mutunci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a tambayar wanda ya ɗauke su aiki. Muddin ana raba guraben koyarwa kamar goron biki, a kori dubu yau, dubu irinsu za su shigo gobe. Ƙofar shiga kwalejin ilimi ma a duba ta. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi 100 cikin 400. Mun gaya wa yaranmu ke nan cewa malanta ta wanda ya rasa wani wuri ce. Mu da muka yi Gireti Tu, takardar malanta ta da, an koya mana yadda ake koyar da kowane darasi na firamare, har yadda ake tsayawa a gefen allo don kada ka tare wa yaro. Da aka mayar da NCE mafi ƙarancin takardar koyarwa an ɗaga daraja, amma sau da yawa wanda ya karanta tattalin arziki da nazarin zamantakewa shi ake miƙa wa aji ɗaya, bai taɓa yin darasi ko guda kan koyar da haɗa baƙi ba. Akwai sashen nazarin ilimin firamare a kwalejoji, shi ya kamata a cika, a kuma fifita masu shi wajen ɗaukar aiki.

A garin Bauchi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi hedimastan makarantar Midil, Malam Aminu Kano kuma ya koyar a makarantar. Irin mutanen da ake ba alli ke nan a lokacin. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 na aiki ta riƙe tsofaffi, amma ba ita za ta jawo yaro mai ƙwazo ya zaɓi aji ba. Albashi a kan lokaci da ƙarin girma da ake biya su ne za su jawo shi. Ke kuma, ki tabbata rajistarki ta TRCN, hukumar rajistar malamai, tana nan daram, ki ɗauki littattafan aji huɗu zuwa shida na lissafi da Turanci ki riƙa bin su da kanki. Mai shekara 18 a aji da ke yin haka ba ta da abin tsoro.

Tambaya: Malam, 'yata za ta shiga ajin farko na ƙaramar sakandare. An ce an canja manhaja, littattafan yayarta ba su da amfani. In zubar in sayi sababbi?
*Wani uba daga Bajoga*

Amsa: Alhaji, kada ka zubar. Gaskiya ne a Satumban 2025 an sanar da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa: tara zuwa goma a aji ɗaya zuwa uku na firamare, 12 zuwa 14 a ƙaramar sakandare, takwas zuwa tara a babba. Na yi murna da ragin, domin jakar ɗan firamare ta fi ƙarfin bayansa. An kuma kawo darussan sana'a, irin su haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya. Amma lissafi bai canja ba, ƙa'idojin Turanci ba su canja ba. Ka karɓo jerin littattafai a rubuce daga makarantar, ka gwama da na yayarta, ka sayi abin da babu kawai. Darasin sana'a kuma ka tambayi shugaban makarantar wanne suka zaɓa, wa zai koyar, kuma da wane kayan aiki, tun kafin ka kashe kuɗi a kan littafinsa.

Littafi ɗaya da zan ce ka saya ko da tsada shi ne na Tarihi, wanda aka cire daga manhaja wajen 2009, yanzu kuma ya dawo dole daga aji ɗaya har ƙarshen ƙaramar sakandare. Kai ma kana da abin da littafin ba zai ba ta ba. Mbormi tana nan kusa da ku a Funakaye, inda aka gwabza da Turawa a watan Yulin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu a fagen, shi ma Manjo Marsh na ɓangaren Turawa a nan ya faɗi, kaburburansu suna wurin har yau. Wata Asabar ka ɗauke ta a babur ku je, ka sa ta riƙe littafin rubutu, in kun dawo ta rubuta abin da ta gani shafi guda da Hausa, shafi guda da Turanci. Ka aiko mini da su ta adireshin mujallar nan, zan duba mata.